Shanyar Fim Ɗin Dada

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf, barkanmu da war haka. Adimin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'ya'yan yayata a nan, ko da yake in sun karanta sai sun gane ni, to in kun gane ku rufa mini asiri, kada wanda ya kai mata maganar nan kafin ni. Don Allah ku ba ni shawara. Na kwana biyu ina juya abu ɗaya a raina har abinci ya daina shiga, kuma ni ba mace ce mai iya riƙe magana a ciki ba, duk wanda ya san ni ya san bakina, amma wannan karon bakin ya mutu murus. Labarin da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yi kwament, don na san halin wasunku, layi biyu za su karanta su hau wa'azi.

Ni 'yar Gombe ce, malamar makaranta, shekaruna sun kai hamsin, ina da aure da 'ya'ya har da jika. Ban san mahaifiyata ba. Ta rasu a sanadin haihuwata, ina jaririya ko suna ba a yi ba, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba, domin Dada, haka ake kiranta, Bafulatana ce mai kunyar gaske, an ce ko mai hoto ya shigo unguwa sai ta shige ɗaki ta saki labule. Yayata ce ta raine ni, Adda, ita ma a lokacin yarinya ce da ba ta gama girma ba. Ita ta goya ni, ita ta ba ni madara da cokali, da ta yi aure da ni ta tare. Na faɗi wannan ne tun farko don duk abin da za ku ji na ce a kanta a ƙasa, ku san cewa ba ni da wata uwa sai ita, kuma ina sonta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Abin da zan ba ku yanzu daga bakin Adda na ji shi, na ji har na haddace. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne a ofishin gona, ɓangaren auduga, muna zaune a unguwar Herwagana cikin maƙwabta 'yan Tangale da Waja, irin zaman da tuwon salla ke tsallaka katanga shinkafar kirsimeti ta tsallako. Shekarun da kuɗin man fetur ya fara zubowa ne, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, gari ya rikice, wannan ya sayo babur, wannan rediyo mai kaset, wannan kujerun kushin da ba a cire musu leda don kada su tsufa. Baba ma ya sayi kujerun. Amma abin da ya ja masa dariyar dangi, wani Bature injiniya da ke zaune a GRA zai koma ƙasarsu yana gwanjon kayansa, Baba ya je ya kwaso 'yar kyamarar ɗaukar fim da injin majigin da ake haska shi. Bappanmu ya ce masa mutane suna sayen fili kai kana sayen kayan wasan yara, Baba ya ce a bar shi da wasansa.

Naɗin fim guda ɗaya tak ya samu a cikin kayan wanda ba a yi amfani da shi ba. Ya yi ta ajiyarsa yana tunanin abin da zai ɗauka, har wata rana da hantsi ya laɓe a bakin zaure ya ɗauki Dada ba ta sani ba. Tana tsakar gida tana bakacen gero, da tsohon ciki, cikina. Adda tana wurin, ta ce Dada ta ji ƙarar abin ta ɗago, ta gan shi, ta saki faifai ta kama baki tana dariya, ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta sake buɗewa, sannan ta ɗauki mara ta jefe shi da ita. Shi ke nan fim ɗin. Ba murya, hoto ne kawai mai kala, kuma gajere ne, kafin ka shanye kofin shayi ya ƙare. Amma a duk duniyar nan, a cikinsa ne kaɗai ni da uwata muke tare a wuri ɗaya.

A lokacin ba a wanke irin wannan fim a nan, sai an aika da shi ƙasar waje ta gidan waya. Kafin ya dawo an haife ni, an binne Dada, 'yan zaman makoki sun watse. Da ƙunshin ya iso Baba ya toshe tagogin falo da barguna da rana tsaka, ya kafa farin zanin gado a bango, maƙwabta suka cika ɗakin, Adda tana tsaye da ni a bayanta. Ta ce da Dada ta ɗago kai a jikin bangon nan, wata maƙwabciyarmu da suke ƙawance ta kurma ihu ta fita da gudu ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba, daidai inda Dada ta buɗe fuska tana dariya kuma Baba ya miƙa hannu ya kashe injin. Bai sake kunnawa ba har abada. Cikin satin ya kyautar da kyamarar da majigin, ya saka naɗin a gwangwanin biskit ya rufe. Ranar da za a kai Adda gidan miji ya kira ta ya ɗora mata gwangwanin a hannu ya ce, “Ga uwarku nan, ki kula da ita.” Bai daɗe ba bayan haka shi ma ya rasu.

To jama'a ku dubi yarinyar da aka gaya wa wannan magana. Adda ta ɗauke ta da gaske har ta wuce misali. Lokacin leda sabuwar aba ce, ba kamar yanzu da ta toshe mana kwatoci ba, in ka samu guda daga kanti wanke ta ake yi a ninke a ajiye, kuma kowa ya yarda abu ne da ruwa ba ya ratsawa kuma ba ya ruɓewa. Sai ta ƙulle naɗin a leda tam, ta saka a gwangwani, ta sake ƙulle gwangwanin a wata ledar, ta tura can ƙasan akwati a ƙarƙashin gado. Gidan mijinta a Kagarawal ginin ƙasa ne kuma a gangare yake, da damina bango kan jiƙe har rabi, takalma su yi funfuna, ashana ta ƙi kamawa. Da damina ta farko ta wuce ta fito da kaya shanya kamar yadda kowace mace take yi, katifa da zannuwa da tabarmi, ta buɗe gwangwanin sai ta ga gumi a cikin ledar da ɗan farin funfuna a gefen naɗin. Hankalinta ya tashi. Ku gaya mini, me muka sani ana yi wa abin da laima ta kama? Gero rana, zane rana, littafi rana, katifar da yaro ya yi wa fitsari rana. Ta warware fim ɗin a hankali ta rataya shi a igiyar shanya daga wannan bango zuwa wancan.

Tun daga nan ya zama al'ada, duk ƙarshen damina. Mu a gidan ranar Dada muke ce mata. Da sassafe Adda za ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, ta goge igiya da tsumma, a ɗaure akuya a kulle kaji, yara kowa ya nemi wurin wasa a waje. Sai rana ta yi ƙarfi take ratayawa, wai ranar safe ba ta kashe laima. Ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna da tsumagiya a hannu tana gadi har la'asar, ko salla a nan gefen igiyar take yi. Abin yana ta walƙiya a rana, ni kuwa a yarinta gani nake ba abin da ya kai shi kyau. Da yamma ta naɗe shi da ɗuminsa, ta ƙulle a sabuwar leda, ta dafa dambu da zogale a raba wa maƙwabta sadaka. Ni kaɗai take bari in matso. Takan ɗaga ni ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa, “Ga Dada nan Auta, kin gan ta?” Hotunan ƙanana ne ƙwarai, mutum a ciki bai fi ƙwayar gero ba, abin da nake iya gani kawai ɗigon shuɗi, wai zaninta ne. Sai in ce na gani. Ba fuska nake gani ba, amma ina da tabbacin tana nan a ciki, kuma wata rana zan gan ta.

Da na girma na fara aiki, zamanin kaset ɗin bidiyo ya zo, na ji ana iya mayar da irin wannan fim kan kaset a manyan garuruwa. Na je wa Adda da murnata, ta ce sam. Wai masu situdiyo ɓatar da kayan mutane suke yi, wai za su haɗa da na wani, wai wanda bai san Dada ba ba zai sa mata hannu ba. Na roƙa, na yi kuka, na turo mijinta, na turo Bappa, Adda ta kafe. Da zamanin sidi ya zo na sake tayar da maganar, nan ma muka kwashi 'yan kallo, na ce mata uwar ba tata ba ce ita kaɗai, ita ta ga fuskarta ta ƙoshi ni kuwa ta bar ni da ɗigon shuɗi, ita kuma ta ce ai ba ni aka ba amana ba, kuma lokacin da take goyona tana wannan gadin ina ina? Muka yi wata da watanni ba ma ga maciji, sai da haihuwa ta zo mini ta kwaso kayanta ta zo jego kamar ba a yi komai ba, haka muke. Daga baya ne wata rana ta faɗa mini gaskiyarta, ta ce tsoro take ji, tun ranar da Baba ya kashe injin nan take jin in ta sake ganin Dada tana motsi zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na ji tausayinta na ƙyale maganar, na ce lokaci zai yi.

A 'yan shekarun nan fim ɗin ya fara wani wari mai tsami, kamar gasarar da ta kwana biyu. Adda ta ce laima ce ta yi yawa, ta ƙara masa rana, shanyar yini ɗaya ta koma kwanaki a jere, har tsakiyar damina in rana ta buɗe takan fito da shi. Ya fara karyewa tana liƙewa da salatif. Da ta ga yana ƙin warwaruwa sai ta koma zare iya abin da ya zaru, sauran ta bar shi a buɗaɗɗen gwangwani a kan bulo a tsakiyar rana. Ɗigon shuɗin nan ma na lura ya dushe, na ce idona ne ya fara tsufa. Ni da nake malamar makaranta ina kallo, har taya ta riƙe bakin fim ɗin nake yi, wallahi ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai cewa akwai matsala ba.

Yanzu ga inda ake. Adda tana fama da hawan jinin ido, na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan, ta ce kamar mai leƙe ta ramin makulli take ganin duniya, likita kuma ya gaya mana a fili abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma tafiya yake yi. Kwanakin baya ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a bakin gado da gwangwanin a cinya, ta miƙo mini ta ce, “Auta, je ki sa a mayar mini da shi cikin waya, ina so in ga Dada kafin fitilar ta mutu, ke ma ki ga uwarki.” Abin da na yi shekara da shekaru ina roƙo, yau an ɗora mini a hannu ba faɗa. Na fito ina kuka ina dariya a titi kamar wata taɓaɓɓiya, har mai Keke yana tambayata ko lafiya.

A nan Gombe duk situdiyon da na shiga sai su ce ba su taɓa ganin irinsa ba, daga ƙarshe aka yi mini kwatancen wani dattijo a Jos da ke da na'urar tsofaffin finafinai. Ban yarda na aika ba, da kaina na shiga mota, gwangwanin a cinyata har muka isa, na tafi da 'yata ta fari da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'a. Mutumin yana kwance ledar warin ya cika shagon har ya kawar da kai, na ga yadda ya dubi 'yata, na san ba lafiya ba. Ya sa safar hannu ya gwada, tsakiyar naɗin ta manne ta zama dunƙule ɗaya, na bakin kuma yana taɓawa yana karyewa kamar busasshen ganye, inda hoton yake ya yamutse yana ɓarewa. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tsinci guntayen da suka tsintu ya ɗora a na'ura ya haska mana a kwamfuta. Fari ne fes, sai ja-ja a gefe. A guda ɗaya ne aka ga wani layi da ya ce ƙila katanga ce, da wata inuwa a tsaye, ba kai ba fuska ba zane. Na ce ya ƙara girma, ya ƙara, inuwar ta watse. Na ce ya sake, ya ce Hajiya ki yi haƙuri, babu komai a nan, ko ƙasar waje aka kai ba abin da za su ciro.

Ya tambaye ni yadda ake ajiye shi, ni kuma da alfaharina na ba shi labarin leda da shanya, ina jira ya yaba. Ya yi salati kawai. A mota 'yata ta yi mini bayani a hankali, tana yi tana kallon fuskata. Ta ce Mama fim ɗin nan ɗan uwan leda ne, roba ce siririya aka shafa hoton a kanta. Irin na wancan zamanin in laima ta shige shi sai ya fara ruɓewa daga ciki yana fitar da tsami, tsamin nan kuma shi ke ƙara cin sa, in an ƙulle shi a leda da gwangwani tsamin ba shi da hanyar fita, sai ya zauna a ciki yana ta aiki, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ita kuwa rana, akwai wani haske a cikinta da ido ba ya gani, UV ta ce sunansa, shi ke cinye kala, shi ke tsinka jikin roba har ta yi gautsi. Ta ce ki tuna ledar da muke rufe itace da ita a tsakar gida, yadda takan yi fari ta farfashe ta zama gari. Ni kuwa kujerun Baba na tuna, waɗanda Adda ta gada da ledarsu, ta wajen taga ta yi rawaya ta tsattsage tun ina firamare, ta lungu kuwa tana nan garau, muna kallo kullum ba wanda ya tambayi dalili. Na ce to me ya kamata a yi masa? Ta ce wuri mai sanyi, busasshe, mai duhu. Duhu jama'a! Duhu yake so, mu kuma muka yi ta gasa shi da tsumagiya a hannu.

Na tambaye ta, da ba a shanya ba da ya tsira? Ta ce laimar ɗakin nan ko yaya sai ta taɓa shi, amma ƙila da hoton bai goge haka ba. Na ce da Adda ta ba ni tun zamanin kaset fa? Ta juya tana kallon taga, na gane amsar. Ba zan yi muku ƙarya ba, daga Jos har Bauchi zagin Adda nake yi a zuciyata, na ce taurin kanta ne ya hana ni ganin uwata, na shirya maganganun da zan yaɓa mata ɗaya bayan ɗaya, har da wadda in na faɗa ba za mu sake shiri ba. Daga Bauchi zuwa gida kuma kuka na yi ta yi, don na tuno ta a kujerar nan gumi yana zuba, tana korar ƙuda daga kan igiya, tun tana amarya har ta yi furfura. Ba ta taɓa tsallake shekara ba, har shekarar da mijinta ya rasu tana cikin takaba sai da ta shanya. Har yanzu haushin da tausayin duka suna nan, in na tashi da wannan sai in kwanta da wancan, na rasa wanda zan bi.

Na dawo na ce mata an karɓa ana aiki, sai an kira ni. Ƙarya ce, gwangwanin yana cikin wadirof ɗina, warinsa har ya fara kama kayana. Maigidana ya ce in je in gaya mata ya lalace kawai, lokacinsa ne ya yi, kada in ambaci rana ko leda. Shi bai san Adda ba. Za ta ce ita lafiya lau ta ba ni, shekara da shekaru yana hannunta ba abin da ya same shi, daga fitarsa gidan ya mutu, abin da take gudu tun farko ke nan. Za ta tsine wa dattijon da bai ci ba bai sha ba, ni kuma ta tafi da ni a ranta a matsayin wadda ta kashe Dada sau biyu, don kada ku manta wajen haihuwata ta rasu, ba wanda ya taɓa faɗa mini haka a fuska amma ni na san lissafin. In kuwa na gaya mata gaskiya duka, to na ce wa tsohuwa mai ciwo, wadda duhu ke rufe wa ido, amanar da ubanta ya ɗora mata a hannu ita ce ta ƙone ta da hannun nan, kuma duk ranar da ta fi ƙoƙari ita ce ranar da ta fi ɓarna. Wallahi ina tsoron abin da wannan zai yi mata, ga hawan jini ga suga.

Akwai hanya ta uku, ita ce ta fi hana ni sukuni. Dattijon nan da ya ga halin da nake ciki ya ce yanzu kwamfuta tana iya ƙirƙirar mutum, in na kawo hoton Adda na ƙuruciya da nawa, tunda an ce Adda kamarsu ɗaya da Dada, ana iya haɗa mace da shuɗin zane tana bakace tana dariya, a tsufar da kalar, da idon da ya rage mata da wuya ta gane. Ya ce shi ba ya ba ni shawarar yi, faɗa mini kawai ya yi. 'Yata ta ce Mama kada ki soma, cin amana ne. Ni kuma na kwana ina cewa ai jinƙai ne, na wayi gari ina jin kunyar kaina. In ta kalla ta ce wannan ba Dada ba ce, na gama yawo. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta kalla ta ce ita ce. Domin yau a duniya ba inda fuskar Dada ta rage sai a cikin kan Adda, duk waɗanda suka san ta sun rasu, in na ɗora mata ta ƙarya a kan ta gaske kuma ta ƙaryar ta zama ita ce ta ƙarshe da idonta ya gani, to ni na goge ragowar da rana ba ta kai gare shi ba.

Ni kam na riga na san ba zan ga uwata ba sai a lahira, wannan na haɗiye shi ko da yake bai wuce mini a maƙogwaro ba. Kuma ba na jin akwai shawarar da za ta gyara abin nan, na rubuto ne don na rasa wanda zan gaya wa. Kada wanda ya ce in kai wani wuri a gwada, na tura hoton guntayen har wurare biyu, amsar ɗaya ce.

Yau da safe Adda ta kira ni a waya, muryarta wasai. Ta ce jiya da ta fito tsakar gida ta kasa gane jikarta sai da ta yi magana, don haka in matsa wa mutanen nan su yi sauri. Sannan ta ce in sun gama kwafewa in karɓo mata gwangwaninta kada in baro shi can, ruwa ya ɗauke, ta aika an sayo sabuwar leda mai kauri, ta sa an goge igiya. Ta ce, “Bana Dada ba ta sha rana ba Auta, kada laima ta kama ta.” Na ce to Adda. Na ce mata Juma'a ina nan tafe.

'Yan uwa, iyaye mata, malamai da ke cikin guruf ɗin nan, wanda duk ya taɓa riƙon tsoho ya san abin da nake nufi. In gaya mata gaskiya duka? In ɗauki laifin a kaina ta tafi tana ganin ni ce? Ko in bari a haɗa mata ta kwamfuta? Juma'a tana zuwa, za ta zauna a bakin gado ta miƙo hannu ta ce in kunna mata. Don Allah ku gaya mini, me zan ɗora mata a hannun nan?